Yadda Likita Zai Nemi Gurbin Horon Ƙwarewa a Likitancin Nukiliya

Likitancin nukiliya fanni ne da ake sanya wa majiyyaci ɗan ƙaramin sinadari mai fitar da tururin nukiliya, galibi ta allura a jijiya, wani lokaci kuma ta baki ko ta shaƙa, sannan a bi sawunsa da kyamara ta musamman domin a ga yadda zuciya, ko ƙoda, ko ƙashi ke gudanar da aikinsu. Hoton awo na yau da kullum siffar gaɓa yake nunawa, shi kuwa wannan aikinta yake nunawa. Da irin waɗannan sinadarai ake kuma yin magani, kuma abin ya daɗe, domin tun 1941 Saul Hertz ya yi amfani da aidin mai tururi wajen magance cutar tayirod, wato halittar da ke gaban wuya, a Amurka. Likitan da ke son shiga fannin zai tarar da gurabensa kaɗan ne, cibiyoyinsa ma kaɗan ne, kuma tsarin horonsa ya sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa fiye da na yawancin fannoni. Saboda haka aikin farko shi ne mai nema ya yanke shawarar inda yake son yin aiki bayan ya gama, domin wannan ne zai nuna masa ƙofar da ya kamata ya ƙwanƙwasa.

Tushen bambancin yana cikin dangantakar fannin da radiyoloji, wato ilimin karanta hotunan awo. Tun da aka haɗa na'urar PET, mai nuna aikin gaɓa, da ta CT, mai nuna siffarta, wuri guda, likitan nukiliya ba ya da makawa sai ya iya karanta hoton sassan jiki, kuma kowace ƙasa ta magance wannan buƙata ta hanyarta. A Birtaniya mai nema yana shigowa ne bayan horon farko a fannin cututtukan cikin jiki da cin jarrabawar wannan fanni, wato MRCP, sannan ya yi shekara shida, inda ukun farko ke tafiya a radiyoloji tare da jarrabawarsa, wato FRCR. A Amurka horon shekara uku ne ga wanda ya yi shekara ɗaya yana duba marasa lafiya, shekara biyu ga wanda ya riga ya ƙware a wani fanni, shekara ɗaya kuma ga wanda ya gama radiyoloji, a ƙarshe a zauna jarrabawar ABNM, hukumar ba da shaidar ƙwarewa a fannin, da aka kafa a 1971. Jamus tana ɗaukarsa fanni mai zaman kansa na shekara biyar, kuma a can asibiti ake rubuta wa takardar nema kai tsaye. A Afirka ta Kudu shekara huɗu ce, ana fita da shaidar ƙwarewa ta FCNP, a Indiya kuwa digirin MD ne na shekara uku da ake shiga ta jarrabawar neman gurbin horo ta NEET-PG. Abin lura shi ne, shaidar da ta wadatar a wata ƙasa ba lallai ta ba mutum izinin sa hannu a rahoton PET da CT a wata ƙasar ba, kuma a Amurka asibitoci da yawa sun fi son wanda ya haɗa fannonin biyu. Don haka kafin komai a rubuta wa hukumar rajistar likitoci ta ƙasar da za a yi aiki, a tambaye ta wace shaida take karɓa, kuma a nemi amsar a rubuce.

Bayan wannan sai batun lasisi, wanda shi ne ke cin lokaci fiye da kowane mataki. Mai son Amurka da ya yi karatu a wajenta sai ya ci jarrabawar lasisi ta USMLE ya sami shaidar ECFMG, hukumar tantance baƙin likitoci, mai son Birtaniya sai ya yi rajista da hukumar likitocinta, GMC, na Afirka ta Kudu kuma da tata, HPCSA. Jamus tana neman shaidar iya Jamusanci, har da jarrabawar harshen asibiti. Kusan ko'ina za a buƙaci tabbatar da sahihancin digiri daga jami'ar da ta ba da shi, da takardar shaidar cewa ba a taɓa samun likitan da laifin aiki ba. Ita wannan takarda wa'adinta gajere ne, yawanci 'yan watanni, don haka kada a karɓe ta da wuri har ta mutu kafin a buƙace ta. Sauran takardun kuwa gara a fara haɗa su tun shekara guda ko fiye kafin lokacin nema.

Zaɓen cibiya shi ne inda ya fi dacewa mai nema ya tsaya ya yi nazari, domin a wannan fanni ba a koyon abin da ba a gani da ido. Sinadaran da ake aiki da su ba sa jiran kowa. Teknitiyom-99m, wanda da shi ake yin mafi yawan gwaje-gwajen fannin, ƙarfinsa yana raguwa zuwa rabi duk awa shida, shi ya sa ake tatso shi a cikin asibiti daga molibdinom-99 wanda nasa ke ɗaukar awa 66. Fulorin-18 da ake amfani da shi a PET nasa kimanin minti 110 ne kacal, ma'ana dole a sami na'urar saikulotron, wadda ke samar da shi, kusa, ko kuma hanyar jigila da ba ta yankewa. Cibiyar da kayanta ke yawan makara za ta riƙa soke gwaji, mai koyo kuma ya yi ta zaman jira, alhali kowane tsarin horo yana buƙatar ya cike littafin ayyuka da adadin gwaje-gwajen da aka gindaya kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Saboda haka a tambaya dalla-dalla: kwana nawa a mako ake aikin PET, kyamarorin SPECT, waɗanda ke bin sawun sinadarai irin su teknitiyom, nawa ke aiki a halin yanzu, shin akwai ɗakin kwantar da wanda aka ba aidin-131, wanda sai bayan kwana takwas ƙarfinsa ke komawa rabi, kuma shin ana yin magani da lutitiyom-177. Wannan na ƙarshe ya ƙara muhimmanci tun da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da magunguna biyu da ake yi da shi, Lutathera a 2018 da kuma Pluvicto, na kansar furostat, a 2022, kuma a ganina likitan da ya fita horo a yau bai taɓa kula da majiyyaci a wannan ɓangare ba ya fita da giɓi babba. A kuma bincika ko akwai masanin fiziks na asibiti da mai haɗa magungunan tururi, domin wani kaso mai yawa na ilimin daga wurinsu ake samunsa. Wanda zai faɗi gaskiyar duk wannan shi ne wanda ke cikin horon yanzu, ba takardar tallar cibiyar ba, don haka a nemi magana da ɗaya ko biyu daga cikinsu.

Game da takardun nema, masu tantancewa abu ɗaya suke son tabbatarwa, wato ko mutumin ya san abin da yake nema. Da yawa suna zuwa wannan fanni ne bayan sun rasa gurbi a radiyoloji, kuma ba a jimawa ake gane su. Hanyar fita daga wannan zargi ita ce a nemi izinin zama a sashen nukiliya na makonni kaɗan kafin a nema, a ga yadda ake shirya allura, da yadda ake auna ta, da yadda ake rubuta rahoto, kuma idan da hali a shiga wani ɗan bincike ko a rubuta bayanin wani majiyyaci tare da babban likitan sashen. Daga nan ne wasiƙar shaida mafi amfani ke fitowa, domin wasiƙa ɗaya daga wanda ya ga aikinka a sashen ta fi uku daga manyan da suka san sunanka kawai. A takardar bayanin kai kuma a rage kirari, a kawo abin da ya faru: majiyyaci guda da hoton ƙashi ko na zuciya ya sauya shawarar da aka yanke a kansa, da abin da mai nema ya fahimta daga hakan, ba tare da bayyana ko wane ne majiyyacin ba.

A wurin ganawa ba za a sa ran mai nema ya karanta hoto kamar gwani ba, amma za a gwada tushensa. Ya san bambancin SPECT da PET, ya iya lissafin abin da zai rage daga sinadari bayan wasu awoyi, ya kuma san hanyoyi uku na kare kai, wato rage lokacin zama kusa da tururi, nisantarsa, da sanya shinge. Ya san cewa iyakar da hukumar kariya daga tururi ta duniya, ICRP, ta ba da shawara ga ma'aikaci ita ce milisibat 20, wato ma'aunin tururin da jiki ya sha, a shekara idan aka ɗauki matsakaicin shekara biyar. Ana yawan tambayar abin da za a yi idan mace mai ciki ko mai shayarwa ta zo gwaji, ko yadda za a kwantar da hankalin wanda ya firgita da jin kalmar nukiliya. Karatun da zai wadatar da wannan mataki yana nan kyauta a shafin koyarwa na sashen lafiya na hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA.

Ita wannan hukuma, mai hedkwata a birnin Vienna, tana kuma ɗaukar nauyin horon likitoci daga ƙasashen da fannin bai kafu ba, sai dai ba a nema kai tsaye. Asibitin da mutum ke aiki ne zai gabatar da shi, takardar ta bi ta hannun jami'in tuntuɓa na ƙasarsa a ƙarƙashin wani shirin haɗin gwiwa da ke gudana, kuma ana sa ran ya koma ya yi aiki a gida. Wanda ba zai bi wannan hanya ba ya lura da cewa wasu cibiyoyi, kamar na Afirka ta Kudu, suna karɓar baƙin likitoci a guraben ƙari waɗanda ba a biyan albashi, ga shekara huɗu ba kwana huɗu ba. Kafin a amsa tayi, a nemi takarda da ta fayyace wanda zai biya kuɗin makaranta da na zama, da ko gurbin yana ba da damar zama jarrabawar ƙarshe daidai da 'yan ƙasa, da sunan shaidar da za a bayar, sannan a kai wannan takarda ga hukumar rajistar da aka tuntuɓa tun farko ta tabbatar cewa ita ce shaidar da ta ce tana karɓa.