Yadda Ake Zaɓen Fenti da Firaima Don Injin Babur

Duk wanda ya kwance injin tsohon babur, kamar Honda CG125 ko Jincheng, domin ya dawo da shi hayyacinsa, ya kamata ya fara raba sassan gwargwadon zafin da kowannensu yake sha, domin fenti ɗaya ba zai wadatar da su duka ba. Murafun gefe da gidan giya zafinsu da sauƙi, silinda da kan silinda sun fi su zafi, bakin salansa kuwa yakan haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas.

Ga silinda da murafu, a nemi fentin inji wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa yana jure digiri 260 zuwa sama, irin na VHT ko Dupli-Color. Salansa tana buƙatar na daban mai jure digiri 600 ko fiye. Fentin gida kuwa, da zarar inji ya ɗauki zafi, sai ya kumbura ya fara ɓarewa.

A wajen firaima, wato shafin farko da ake fesawa kafin fenti, ne aka fi yin asara. Yawancin sassan nan alminiyam ne, kuma fenti ba ya kama shi da kyau idan an fesa kai tsaye, saboda haka murafu suna son firaima mai ɗan asid wadda take cin fuskar ƙarfen ta riƙe shi. Sai dai ba kowace irin wannan firaimar ce take jure zafin silinda ba, don haka a can a sa firaima mai jure zafi, kuma a ganina gara ta fito daga kamfani ɗaya da fentin, gudun kada su ƙi jituwa fenti ya yamutse.

Kafin feshi, a wanke baƙin mai tas, a bi tsakanin siraran haƙarƙarin silinda da ƙaramin buroshi, domin nan ne maiƙo yake maƙalewa. A goge da samfefa mai lamba 320 ko 400, a share da tina, wato ruwan tsinka fenti, sannan kada a sake taɓawa da hannu. A rufe ramin fulogi, da ramukan noti, da duk fuskar da take haɗuwa da wata, da salatif.

A fesa siriri sau biyu ko uku, ana barin 'yan mintuna a tsakani, musamman a kan haƙarƙarin, tunda ta nan iska take sanyaya inji kuma fenti mai kauri yana tauye wannan aikin. A lokacin hunturu a yi aikin a inuwar da ƙura ba ta shiga amma iska tana ratsawa, da takunkumi a hanci.

Fentin inji ba ya gama ƙarfi sai ya gasu. Bayan ya bushe an haɗa injin, a tayar da shi na ɗan lokaci, a bar shi ya huce, a maimaita, kuma a kiyaye kada fetur ya ɗiga a kansa kafin a gama wannan gashin, domin zai narkar da shi.