Koyon tuƙi da tsohuwar mota mai giyar hannu a Kumasi

Direbobin Zango da yawa a kan tsofaffin tasi suka koyi hannu, irin su Tico da Kia Pride da Opel Astra, waɗanda kulocinsu ya sha wuya. Wanda ya iya tada irin waɗannan, sabuwar mota ba za ta ba shi wahala ba.

Da farko sai ka kai shekara 18, a gwada idonka, DVLA, hukumar ba da lasin tuƙi ta Ghana, ta ba ka takardar koyo. Ka liƙa alamar L gaba da baya, mai lasin yana zaune a gefenka. Nemi shimfiɗaɗɗen fili da safiyar Lahadi. Kejetia, babbar kasuwar Kumasi mai cunkoso, ba wurin ɗan koyo ba ne.

Gyara kujera yadda za ka danne kuloci har ƙasa gwiwarka na ɗan lanƙwashe. Ƙafar hagu ta kuloci ce kaɗai, ta dama ta birki da totur. Duba giya tana firi, ka tada mota, ka danne kuloci, ka sa giya ɗaya, ka sauke hambirki. Sai ka riƙa ɗago ƙafa sannu a hankali. Akwai wurin da ƙarar inji za ta yi ƙasa, sitiyari ya ɗan yi rawa a hannunka. Nan kuloci ya kama. Riƙe shi nan kamar daƙiƙa 2, ka ba ta totur kaɗan, sannan ka saki duka. In ta yi tsalle ta mutu, garaje ka yi wurin saki. In inji na ihu mota ba ta motsi, totur ya yi yawa kuloci bai kama ba. Yi ta maimaitawa har ƙafarka ta haddace wurin.

Kumasi garin tudu ne, a nan ake gane direba. In ka tsaya a hawa, ja hambirki. Nemo wurin kamun kulocin nan, ka ƙara totur, sai ka ji motar na son tafiya kafin ka sauke hambirkin. Kada ka riƙe mota a tudu da rabin kuloci. Wannan warin ƙonewar da ke shigowa ta taga farantin kuloci ne ke cinyewa, ƙarshenta sai Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi.

Tun 1974 Ghana take tuƙi a hannun dama, saboda haka a shataletale motar da ke ciki, mai tahowa ta hagunka, ita ke da hanya. Cikin gari kada ka wuce kilomita 50 a awa. Kuma ka bar tazara bayan trotro, wato ƙaramar bas ta haya, don da yaron mota ya hango fasinja za ta ci birki ba sigina.