Akwatin wufa a mota: rufaffe ko mai bututun iska?

Wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da bes (sauti mai kauri), ɗaya mai inci 12 tana iya ba da sauti iri biyu mabambanta, ya danganta da akwatin da aka ɗaura ta. Rufaffen akwati ba ya barin iska ta shiga ko ta fita, iskar da ke kulle a ciki ita ke riƙe kwalin sifikar tana mayar da shi mazauninsa bayan kowane bugu. Mai bututu kuwa an buɗe masa hanya da gangan, iskar cikin bututun tana kaɗawa a wani mataki da aka auna, tana ƙara wa bes ƙarfi kamar desibel 3 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) a daidai wurin. Ga mai neman tsaftar sauti, wanda ke so ya bambance bugun ganga da jan igiyar bes, rufaffen ya fi sauƙin dacewa. Dalilin yana jikin motar ne.

Cikin mota ɗan ƙaramin ɗaki ne. Daga wajen Hz 70 zuwa ƙasa (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), ɗakin da kansa yana ɗaga bes da kusan desibel 12 duk lokacin da yawan kaɗawar ya ragu da rabi. Rufaffen akwati kuma sautinsa yana sauka da desibel 12 ɗin nan dai, sai abin da akwati ya rage, mota ta cike. Mai bututu yana riƙe ƙarfinsa har wurin da aka saita shi, daga nan ya faɗi da desibel 24. Idan aka saita shi a Hz 45, ƙarin bututu da ƙarin mota sai su haɗu wuri guda, a samu wannan rugugin da ke girgiza lambar mota amma kowace waƙa da amo ɗaya take fita.

Kafin a sa zarto a katako, a duba takardar da ta zo da wufar. Akwai alƙaluman da ake kira na Thiele da Small, sunayen injiniyoyi biyu da suka tsara lissafin a Ostareliya. A cikinsu za a ga Fs, Qes, Qts da Vas. A raba Fs da Qes. In sakamakon bai kai 50 ba, sifikar ta rufaffen akwati ce. In ya haura 100, bututu take so. Tsakaninsu kuwa kowanne zai yi.

Lissafin rufaffe gajere ne. A raba Vas da girman cikin akwatin a lita, a ƙara 1, a ɗauki saiwar adadin (square root), a ninka da Qts. Abin da ya fito shi ne Qtc, ma'aunin yadda sifika da akwati suka dace da juna, ana kuma so ya tsaya kusa da 0.7. Misali, wufa mai Qts 0.45 da Vas lita 50 a cikin akwatin lita 30 tana ba da 0.73, ya yi daidai. Akwati in ya yi ƙanƙanta, Qtc ya wuce 1, bes ɗin zai kumbura a sama ya rasa zurfi. Ana iya sassauta wannan da audugar roba irin ta matashi, kamar giram 15 a kowace lita, a barbaza ta ba tare da dannewa ba. Kuma a tuna ana maganar lita ta ciki ce, bayan an cire lita 3 zuwa 4 da maganaɗisun sifikar ke ci, da wurin katakon tokara.

Mai bututu shi ne ba ya yafe kuskure. Wufar nan dai za ta buƙaci lita 50 zuwa 60, kusan ninki biyu, a fara auna but ɗin motar tukuna. Don ingancin sauti a saita shi tsakanin Hz 30 da 35. A akwatin lita 55, bututu mai faɗin santimita 10 zai buƙaci tsawon santimita 32 kafin ya tsaya a Hz 33, shi kansa kuma yana cin fiye da lita 2 da rabi da dole a ƙara a girman akwatin. Mutane kan rage faɗin bututu don ya gajarta ya shiga, nan ne matsala take. Iska ta matse a ƙaramar kafa, gudunta ya wuce mita 17 a daƙiƙa, sai a riƙa jin huci fuf-fuf tare da kowane bugu. A zagaye bakinsa ciki da waje, a kuma bar tazarar da ta kai faɗinsa tsakanin bakin ciki da bangon akwati.

Abin da ya fi kashe wufa a irin wannan akwati shi ne sautin da ke ƙasa da wurin saitin. A can bututun ya zama rami kawai, babu iskar da ke riƙe kwali, za ka ga yana ta tsalle gaba da baya babu sauti, har koyil, wato naɗin wayar da ke motsa kwalin, ya daki ƙasa da ƙarar kas-kas. Maganinsa maɓallin da aka rubuta wa Subsonic a jikin amfilifaya, wanda ke yanke sautin da ya yi ƙasa sosai. In an saita akwati a Hz 33, a ajiye maɓallin wajen Hz 27. Amfilifayar da ba ta da shi, gara a haɗa ta da rufaffen akwati.

Wajen ƙira kuwa duk ɗaya ne. Katakon MDF mai kaurin milimita 18, a ninka fuskar da sifika za ta zauna. Gam ɗin katako shi ne ke riƙe haɗin, sukuru matsewa kawai yake yi, a kuma huda masa wuri tukuna domin MDF yana tsagewa ta gefe. A bi kowace kusurwa ta ciki da silikon, a bar shi ya kwana ya bushe kafin a ɗaura sifika, saboda tururinsa yana iya cin soson gefen kwali. Ramin waya ma a toshe shi. Gwajin yoyo a rufaffe: sa yatsu kewaye da tsakiyar kwalin ka danna a hankali. In ya yi tauri a hannu, iska na riƙe. In ya shige salin-alin ko ka ji tsss, akwai kafa.

Bayan an ɗaure akwatin a but da ƙarfe ko bel mai ƙarfi, a sa LPF, maɓallin amfilifaya da ke hana siririn sauti isa wufa, a Hz 80, a juya fuskar wufar ta kalli bayan mota. Sai a zauna a kujerar direba, a sa wani ya riƙa sauya maɓallin Phase, mai daidaita bugun wufa da na sauran sifikoki, tsakanin 0 da 180. Inda bes ya fi cika, ya kuma yi kamar daga gaban mota yake fitowa, a bar shi a nan.