Yadda ake sabunta tsohon teburin katako na hannu

Ana cewa araha ba ta ado, amma a harkar kayan katako maganar ba ta cika tabbata ba. Sau da yawa tsohon tebur da aka yi da katako na ainihi ya fi sabon da aka haɗa da garin katako ƙarko nesa ba kusa ba. Abin da yake buƙata kawai mutum mai haƙuri, don fenti shi ne aiki na ƙarshe kuma mafi sauƙi. Babban aikin yana wajen zaɓe da shiri.

Tun wurin saye za ka fara. Kada kyan fuska ya ɗauke maka hankali, kifa teburin ka duba ƙarƙashinsa, nan ne ba a shafa komai ba. Idan ka ga zanen jijiyar itace ya bi ta sama ya zarce har gefe, katako ne na gaske. Idan kuwa gefen ya yi kama da dusa da aka matse, garin katako ne aka lulluɓe da siririn bango. Irin wannan in ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa daidai, don haka ka bar shi ko da kyauta ne. Sannan ka dafa shi ka girgiza. Ƙafa mai rawa ba matsala ba ce, ana gyara ta. Abin gudu shi ne ƙananan ramuka masu faɗin milimita 1 zuwa 2 da gari mai laushi a bakinsu, alamar ƙwaro yana ciki yana ci. Ka ƙwanƙwasa katakon, in ya yi sautin fanko to gara ta riga ka. Haska fitila cikin mahaɗai da lungunan durowa, saboda kuɗin cizo na ɓuya a katako kamar yadda yake ɓuya a katifa, kuma ɗigon baƙi-baƙi ne ke tona asirinsa.

Da ka kai gida, ajiye shi a waje tukuna. Kwance hannayen durowa da duk ƙarfen da ke fita, ka zuba sukurorin a gwangwani ɗaya. Wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan, da tsumma matsattse, ka bari ya bushe a inuwa. Rana mai zafi tana tsaga katako.

Yanzu sai gyaran ƙafa. Kada ka kama buga ƙusa, ƙusa tana tsaga busasshen katako kuma bayan ɗan lokaci rawar ta dawo. Zare ƙafar daga raminta, ka kankare tsohon gam har katako ya fito fes, domin sabon gam ba ya kama tsoho. Shafa gam na kafinta a ɓangarorin biyu, ka mayar, ka matse. In ba ka da abin matsewa, zagaya ƙafafun da igiya, ka sa guntun sanda a tsakiya ka murɗa har ta yi tauri. Goge gam ɗin da ya tsatso da jiƙaƙƙen tsumma nan take, sannan ka ƙyale shi awa 24. Ramin sukuru da ya buɗe kuwa, tsoma tsinken ashana biyu ko uku a gam ka cusa, in ya bushe ka karye abin da ya fito, sukurun zai sake kamawa sosai. Ƙananan tsagu ana cike su da garin katako da aka kwaɓa da gam.

Kafin ka taɓa samfefa, tsaya ka dubi tsohon fentin. Fentin da ake yi a da yakan ƙunshi dalma. Amurka ta hana amfani da shi a gidaje a 1978, amma a ƙasashe da dama an ci gaba da sayar da shi shekaru masu yawa bayan haka. Ƙurarsa tana cutar da ƙwaƙwalwar yara ƙanana da mata masu ciki, kuma illar ba ta warkewa. Wannan ba abin wasa ba ne. In fentin tsoho ne mai kauri, kada ka goge shi a bushe, kada ka ƙona shi. In bai ɓarɓare ba, wanke shi ka shafa sabo a kai. In yana ɓarɓarewa kuma akwai yara a gidan, ni dai shawarata ka haƙura da teburin.

Idan babu wannan damuwa, sa takunkumi ka yi aikin a fili. Samfefa tana da lamba a bayanta, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Fara da 80 don cire tsohon shafi, ka koma 120, ka ƙarasa da 180 ko 220. Naɗe ta a guntun katako don saman ya fita daidai, kuma kullum ka bi tsawon jijiyar itacen. In ka gitta ta, zanen zai fito ɓaro-ɓaro da zarar an shafa mai. Kammala da goge ƙurar tsaf.

In katakon yana da kyan zane, asara ce a rufe shi da fenti, shafa masa banish, wato man da ke sa katako sheƙi. In kuwa tabo da ciko sun yi yawa, fenti zai rufa masa asiri. Ko wanne ka zaɓa, shafi siriri sau biyu ko uku ya fi mai kauri sau ɗaya, wanda ke zuba ya kuma daɗe yana danƙo. Tsakanin shafi da shafi, bari ya bushe kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwani, ka bi shi da samfefa 220 a hankali.

Tsumman da ya sha man katako, musamman man linsid, kada a dunƙule shi a jefa kwandon shara. Yana ɗaukar zafi da kansa yayin bushewa, har yakan kama wuta. Shimfiɗa shi a waje ya bushe, ko ka nutsar da shi a ruwa. Teburin kuma ka ba shi kamar mako guda kafin ka ɗora masa kaya mai nauyi ko mai zafi, don shafin yakan bushe a sama tun cikinsa bai gama tauri ba.