Kafin ka karanto wa kowa lambobin nan shida

Aikina gyaran kwamfuta da haɗa intanet a ma'aikatun Damagaram, kuma galibin asusun WhatsApp da imel da ake kirana a kansu ba fasa su aka yi ba. Mai asusun ne ya miƙa makullin da hannunsa, don an tsorata shi ko an sa shi gaggawa.

Damfarar da ta fi cin mutanenmu ita ce ta WhatsApp. Wani zai kira ka da ladabi, ya ce za a sa ka cikin rukunin taron horo a Yamai, ka karanto masa lambobi 6 da suka shigo maka ta SMS. Da lambobin nan ake buɗe WhatsApp ɗinka a wata waya. Kana faɗa, an fitar da kai, shi kuma ya shiga rukunin ma'aikatarku da sunanka da hotonka, yana neman rancen jaka hamsin ta Nita ko Airtel Money. Kada ka ba kowa lambobin nan shida, ko da ya ce daga Airtel ko Moov ko Zamani yake. Yau ɗin nan ka buɗe WhatsApp ka shiga Paramètres, sannan Compte, ka kunna Vérification en deux étapes, wato tantancewa mai mataki biyu, ka sa lambar sirri taka ta kanka. Gmail da Facebook ma suna da irin wannan ƙofa ta biyu.

A imel kuwa, sunan da ya bayyana ba shaida ba ne, kowa na iya rubuta sunan darakta. Taɓa sunan ka ga cikakken adireshin, ka bi shi harafi bayan harafi, don sukan sa "rn" a wurin "m". Idan saƙo ya ce za a rufe akwatinka cikin awa 24 in ba ka danna ka shigar da kalmar sirri ba, rufe shi, ka buɗe shafin da kanka yadda ka saba.

Masu riƙe da kuɗi, ku ne abin farauta. Saƙo ya zo da sunan shugaba, wai yana cikin taro, a biya wani ɗan kwangila yanzu, ko wai an canja lambar asusun banki. Na san nauyin da ƙaramin ma'aikaci ke ji ya tambayi babba, kuma da wannan kunyar ɓarawon ya dogara. Kira shugaban a lambar da ka daɗe da ita, ba wadda ke cikin saƙon ba: "Ranka ya daɗe, kai ka aiko a biya kuɗin nan?" Shugaban kirki ba zai ji haushi ba.

In za ka tashi salla, danna maɓallin Windows da na L tare ka kulle kwamfutar. Ka riƙa duba Appareils connectés cikin WhatsApp, inda ake ganin na'urorin da aka haɗa da asusunka, don mutane na manta WhatsApp ɗinsu a buɗe kan kwamfutar da kowa ke taɓawa.

Idan an riga an ƙwace, sake rajistar WhatsApp da lambar wayarka, sabuwar lambar SMS za ta kori ɓarawon. In ya rigaye ka sa lambar sirri, sai ka jira kwana 7. Kafin nan, kira abokan aiki ka ce kada su tura ko dala, ka adana hotunan saƙonnin ka kai wa 'yan sanda. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019.