Idan jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa: kurakuran da ke ƙara wa mara lafiya wahala

Babban kuskuren da ake yi a gidajenmu na Kano idan hawan jini ya kayar da mutum shi ne zaton cewa ɓarnar ta ƙare a lokacin faɗuwar. Idan jijiya ce ta fashe, somin taɓi ne. Kuma irin wannan ba kaɗan ba ne a wajenmu: binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, har da Asibitin Malam Aminu Kano, ya gano kusan kashi 32 cikin 100 na masu shanyewar ɓarin jiki fashewar jijiya ce ta same su, ba toshewa ba.

Jinin da ya zuba yana fara danne naman ƙwaƙwalwa, kuma a kusan mutum 1 cikin 3 gudan jinin yana ci gaba da girma a awannin farko. Bayan kwanaki sai jajayen ƙwayoyin jinin su farfashe, su saki sinadarin ƙarfen da ke cikinsu, shi kuwa ya riƙa cin fatar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ba sa miƙa wuya nan take. Sukan rage ƙera sabon furotin, su mai da ƙarfinsu kan gyara wanda ya lalace, ƙwayoyin da ke tsaron ƙwaƙwalwa kuma su taru suna kwashe mataccen jini. In wahalar ta yi sauƙi da wuri, ƙwayar ta tsira. In ta daɗe, tsarin nan da ya tashi cetonta shi ne zai umarce ta ta kashe kanta. Kumburi kuma yana hauhawa a kwana 3 na farko, yana iya kaiwa mako 2. Aikin dangi a wannan tsakanin shi ne kada su ƙara wa ƙwayoyin nan kaya.

Na farkon masu ƙara kayan shi ne jira. "A bar Baba ya huta zuwa safe," ko "shafar aljanu ce." A yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ko ciwon kai mai tsanani ya zo farat ɗaya da amai, a nufi asibitin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa.

Sai asfirin. Wani ya ji ana ba masu shanyewar jiki, sai ya ruga kemis. Asfirin yana hana jini daskarewa, ga wanda jijiyarsa ke zuba kuwa wannan haɗari ne. Ba mai iya bambance fashewa da toshewa da ido, ko likita sai ya ga hoto. In mara lafiya dama yana shan maganin tsinka jini, a ɗauko kwalin a nuna tun a ƙofa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ɗura. Mutum yana kwance idonsa a lumshe, a tallafo kansa, a buɗe baki da cokali, a zuba rubutu ko koko ko madara, shi kuma yana tari ana cewa "sannu, haɗiye." Ƙauna ce ta sa, na sani. Amma maƙogwaronsa ya daina aiki daidai, abin huhu yake tafiya. Daga nan sai ciwon huhu, sai zazzaɓi, sai iska ta ragu a jini, ƙwayoyin da ke tsakanin rai da mutuwa su rasa abin da suka fi buƙata. A kwantar da shi a gefensa, kada a sa komai a bakinsa sai an gwada haɗiyarsa a asibiti.

Ana kuma raina zazzaɓi da hauhawar suga. A 2023 binciken INTERACT3, wanda asibitocin Najeriya suka shiga, ya nuna saurin sauke lambar sama ta awon hawan jini zuwa ƙasa da 140 tare da daidaita suga da zafin jiki yana inganta murmurewa. Amma wannan aikin ma'aikata ne da awo. Kada a haɗa ƙwayoyin hawan jini biyu ko uku a gida a ce ana gaggawa.

Magungunan "wanke ƙwaƙwalwa" da ake tallatawa a waya asarar kuɗi ne. Ko maganin da ke kwashe ƙarfe daga jiki, da aka gwada a kan irin waɗannan marasa lafiya, bai kai ga zama maganin yau da kullum ba.

Sai ɗauke mara lafiya daga asibiti a kwana na 2 ko na 3 don ya buɗe ido ya gane 'ya'yansa, ga kuɗin gado yana ci. Lokacin ne kumburin ke kan hawa. A gaya wa likita halin aljihu ƙarara, a nemi shawararsa kafin a sa hannu a takardar sallama. Mai jinya kuma ya lura: in barci ya yi nauyi har tashinsa na wuya, ko amai ya dawo, ko jijjiga ta kama shi, a kira nas nan take, ko da tsakar dare ne.