Taimakon mabuƙata a cocin Katolika: wuraren da kwamiti ya fi yin tuntuɓe

Da wuya ka shiga cocin Katolika a Arewa ka rasa masu aikin jinƙai. Ga 'yan ƙungiyar St. Vincent de Paul, masu taimakon talakawa, da akwatinsu a bakin ƙofa, ga kwamitin adalci da ci gaba da zaman lafiya da aka fi sani da JDPC, ga Zumuntar Mata, ga baikon kuɗi da ake tarawa lokacin Azumin Kirista kafin Ista. Kyakkyawar niyya akwai ta. Abin da ke ɓata aikin galibi shi ne ana tsara shi yadda zai zo wa masu bayarwa da sauƙi, mai karɓa kuwa ba wanda ya tambaye shi.

A fara da lokaci. Rabo mafi girma yakan faɗo gab da Kirsimeti, bayan godiyar kaka ta kawo kuɗi. To amma a Disamba rumbu cike yake, hatsi ya yi sauƙi a kasuwa. Yunwar manomi daga Yuni zuwa Agusta take: tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, noma ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara. A lokacin ne magidanci ke cin bashin hatsi ya biya da riba mai nauyi, a lokacin ne kuma asusun kwamiti ya riga ya bushe. Gyaran ba shi da wuya. A ware wani kaso na kuɗin godiyar kaka a sayi masara ko dawa tun tana araha, a tabbatar ta bushe sarai, a zuba a buhun nan mai hawa uku da ke hana iska shiga, wanda ƙwari ke mutuwa a ciki ba sai an sa magani ba. A jera buhunan kan katako, a sa kwaɗo biyu a ƙofar sito, mabuɗan a hannun mutum biyu dabam. Sai damina ta yi nisa a buɗe. Shinkafar Kirsimeti tana iya ci gaba, amma ta zama ƙaramin rabo.

Sai batun sunayen da ke shiga takarda. Wannan tsohuwar matsala ce, tun a littafin Ayyukan Manzanni na Littafi Mai Tsarki, sura 6, aka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci a rabon yau da kullum, har aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin. Yau ma haka take faruwa. In aka yi sanarwa a sujadar Lahadi cewa mabuƙata su ba da suna, masu baki ne za su zo, da 'yan'uwan 'yan kwamiti, da masu yaren da ya fi rinjaye a cocin. Tsohuwar da ƙafa ta hana ta fitowa ba ta ji ba. Magidancin da kunya ta hana shi ɗaga hannu a gaban surukansa ya ji, ya yi shiru. Ƙananan majami'un ƙauye, waɗanda Fada, wato firist, ke kai wa ziyara jefi-jefi, sai dai su ji labari an gama.

Ƙungiyar St. Vincent de Paul, tun da Frederic Ozanam da abokansa suka kafa ta a birnin Paris a 1833, ziyarar gida ce ƙashin bayanta, kuma mutum biyu-biyu ake tafiya. Wannan ya kamata kowane kwamiti ya ara. Mutum biyu, don kada a zargi ɗaya, kuma in gidan mace ne a sa mace a ciki. A zauna, a sha ruwan gidan, a tambaya. Sau da yawa wadda aka rubuta wa mudun gari abin da ke hana ta barci kuɗin jarrabawar ɗanta ne, ko maganin hawan jini. Katikis na ƙauye, wato malamin da ke koyar da addini, da shugabar Zumuntar Mata sun fi kowa sanin gidan da ba a hura wuta, a nemi bakinsu. A kuma riƙa sabunta takardar, don wani ya samu sauƙi, wani sabon ya faɗi.

Maƙwabcin da ba Kirista ba fa? A nan kuskure biyu ne. Wasu sukan ce kuɗin coci na 'yan coci ne. Wasu kuma sukan bayar, amma da igiya a jiki: ka zo sujada, ka shiga ajin koyon addini, sannan ka karɓa. Paparoma Benedict na 16 ya faɗa ƙarara a wasiƙarsa ta 2005 cewa bai halatta a mayar da aikin jinƙai hanyar farautar mabiya ba. Misalin yadda ake yi kuwa yana nan gida. A 2014, da Boko Haram ta kori mutane daga arewacin Adamawa, dubbai suka fake a babbar cocin St. Theresa da ke Yola. Daga baya Bishop Stephen Dami Mamza ya jagoranci gina gidaje 86 a Sangere-Marghi domin waɗanda suka kasa komawa gida, aka buɗe su a 2021, kuma da yake akwai Musulmi a cikinsu aka gina masu masallaci. Ƙaramar coci ba ta da wannan ƙarfin, amma tana iya gaya wa mai unguwa da limamin unguwa ranar rabo da yadda aka zaɓi mutane, kafin jita-jita ta riga ta.

Hoto kuwa, a rage. Jera gwauraye a rana, kowace ta rungume ledar shinkafa, a ɗauka a watsa a Facebook, cin fuska ne ko da ba a nufa ba. In mai ba da tallafi yana son shaida, a nuna masa rasit da hoton kaya. Fuskar yaro kada ta fita sai da yardar iyayensa.

Kuɗi ma na kashe kwamitoci, ba lalle don an ci ba, sai don ba a rubuta ba. Dokar Ikkilisiya, a sashe na 537, ta wajabta wa kowace majami'a kwamitin kula da dukiya, sashe na 1267 kuma ya ce abin da aka bayar don wata manufa, a kanta kaɗai za a kashe shi. Saboda haka kuɗin marayu ba ya zama kuɗin kwanon rufi, ko da da sunan aro. Mutum biyu su ƙirga baiko, su sa hannu, a karanta rahoto a gaban jama'a ba tare da sunayen masu karɓa ba.

Jari ma haka. A ba mace keken ɗinki alhali ba ta iya ɗinki ba, ko a ba mai jin yunwa kuɗin sana'a, sannan a yi mamakin ya cinye. A fara da abinci, sana'a ta biyo baya, kuma wadda mutum ya riga ya iya. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi a 1991 ya nuna cewa mata na iya tara nasu kuɗin mako-mako, su ranta wa juna, su raba riba. Wani lokaci abin da coci za ta bayar akwati ne da littafi da inuwar zama.

Babban giɓi dai yana ɓangaren adalci. Kwamitoci da yawa suna ɗauke da kalmar a sunansu, amma aikinsu bai wuce rabon kaya ba, domin rabo ba ya ɓata wa kowa rai. Wuri na farko da za a duba shi ne takardar albashin cocin kanta: katikis, maigadi, mai dafa abincin gidan Fada, malaman makarantar mishan. Tun 1891 Paparoma Leo na 13 ya yi magana kan haƙƙin ma'aikaci na samun ladan da zai riƙe shi, wasiƙar Yaƙub sura 5 kuma ta ce haƙƙin ma'aikata da aka danne yana kuka. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000 a 2024. Cocin da ke ba maigadinta buhun shinkafa a ƙarshen shekara bayan ta riƙe masa albashi, bashi take biya da sunan kyauta. In da gaske kuɗi ba su kai ba, a zauna da ma'aikatan a faɗa masu gaskiya, a sa ranar biya, a cika.

Daga nan a leƙa waje. Gwauruwar da dangin miji suka ƙwace wa gona, mudun gari ba ya mayar mata da gonar. Tana buƙatar wanda zai raka ta wurin dagaci ko kotu, da takardu a hannu. Mafi yawan mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, wasu kan laifin da bai taka kara ya karya ba. Kai masu sabulu a Azumi yana da kyau, amma a rubuta sunaye da ranar da aka kawo kowa da kotun da ke da shari'ar, a miƙa wa lauyan da ke cikin coci, ko ofishin JDPC na dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, ko hukumar ba da agajin lauya kyauta ta gwamnati. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka, kuma in dattijo biyu na coci suka raka mutum, maganar takan canja.

Abu ɗaya a kiyaye: kada kwamiti ya yi gaban kansa a rigimar fili, ko fyaɗe, ko abin da ya shafi addini. A tattara bayani da kyau, a sanar da Fada, a miƙa wa dayosis, inda ake da lauyoyi. Yarinyar da aka ci zarafinta asibiti za a fara kai ta, cikin kwana uku, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau ba ya aiki bayan awa 72. Sulhun cikin gida da ake yi don rufin asirin wani babba, kwamiti kada ya sa hannu a ciki.